Cajin Motocin Kamfani a Gidajen Ma'aikata: Riba ga Wa, Ɗawainiya a Kan Wa?

A ƙasashen da motoci masu amfani da lantarki suka fara zama ruwan dare, kamfanoni masu tarin motocin aiki sun fahimci cewa sayen motar ba shi ne babban aiki ba. Babban aikin shi ne samar mata wurin da za ta kwana tana shan wuta, ta yadda gari na wayewa direba zai tarar da batirinta a cike. Amsar da kamfanoni da dama a Turai da Amurka suka zaɓa ita ce gidan ma'aikaci: a kafa na'urar caji a bangon gidansa, ya jona motar da daddare, kamfani ya mayar masa da kuɗin wutar.

A takarda tsarin yana da ban sha'awa. Sai dai abin da ya faru a Birtaniya cikin shekarun da suka gabata ya nuna cewa idan aka mayar da gidan ma'aikaci gidan man kamfani, tambayoyi masu nauyi suna biyo baya: wa zai biya, nawa za a biya, yaushe za a biya, kuma wa zai ɗauki asara idan wani abu ya lalace? Yanzu da Najeriya ta fara zawarcin motocin lantarki bayan cire tallafin man fetur, ya dace a dubi waɗannan tambayoyi tun kafin motocin su yawaita.

Dalilin da ya sa ake son cajin gida

Hukumar Makamashi ta Duniya, wato IEA, ta ce an sayar da motocin lantarki kusan miliyan 14 a duniya a shekarar 2023, adadin da ya haura miliyan 17 a 2024, wato fiye da mota ɗaya cikin kowace biyar da aka sayar. Hukumar ta kuma nuna cewa mafi yawan caji a gida ake yin sa, kuma na'urorin caji na gidaje da wuraren aiki sun ninka na bakin titi kusan sau goma.

Ga kamfanoni, motocin aiki iri biyu ne. Akwai waɗanda ke komawa harabar kamfani kowace yamma, kamar motocin kai saƙonni na Royal Mail a Birtaniya, ko motocin Rivian da kamfanin Amazon ya ƙulla yarjejeniyar sayen guda 100,000 zuwa shekarar 2030. Waɗannan a harabar kamfani ake cajinsu. Akwai kuma waɗanda ma'aikaci ke tafiya da su gida, ya tashi da safe ya wuce wurin aiki kai tsaye, kamar motocin masu gyaran layukan tarho da intanet, da masu gyaran bututun gas, da jami'an talla. Wannan rukuni na biyu ba shi da haraba, domin tun asali an tsara aikin ne ba tare da ita ba.

Lissafin kuɗi ma yana goyon bayan cajin gida. A Birtaniya, farashin wutar gida a 2024 ya tsaya tsakanin peni 22 zuwa 29 kan kowane kilowat-awa, wato abin da masu mita a Najeriya ke kira yunit. A lokacin, wasu kamfanonin wuta irin su Octopus Energy suna sayar da wutar tsakar dare a kan kimanin peni 7 ga masu motocin lantarki, alhali na'urorin caji masu sauri na bakin titi suna karɓar tsakanin peni 70 zuwa 80. Haraji ya ƙara faɗaɗa giɓin, domin a lokacin harajin VAT a kan wutar gida kashi 5 ne cikin 100, a kan cajin bakin titi kuwa kashi 20.

Bayan kuɗi akwai lokaci. Na'urar gida mai ƙarfin kilowat 7.4 tana cika batir mai ɗaukar kilowat-awa 75 cikin kimanin sa'o'i goma zuwa goma sha ɗaya, daidai lokacin da direba yake barci. Idan kuwa a bakin titi za a yi caji, sai ma'aikaci ya ɓata rabin sa'a ko fiye a cikin lokacin aiki, ban da jiran layi. Kamfanin da ke da motoci dubu yana iya asarar ɗaruruwan sa'o'in aiki a kowace rana ta wannan hanya.

Darasin Birtaniya

Doka ce ta tura kamfanonin Birtaniya cikin wannan tafiya da sauri. A shekarar 2024 gwamnati ta wajabta wa masu ƙera motoci cewa kashi 22 cikin 100 na ƙananan motocin da suke sayarwa, da kashi 10 na ƙananan motocin ɗaukar kaya, su zama marasa fitar da hayaƙi. Ana so adadin ya kai kashi 80 da kashi 70 a shekarar 2030.

Kamfanin British Gas na daga cikin waɗanda suka fara. A 2020 ya yi odar motocin Vauxhall Vivaro-e guda 1,000, ya ƙara 2,000 a 2021, ya kuma shiga kafa na'urorin caji a gidajen injiniyoyinsa. Kamfanin ya shiga wani babban gwaji mai suna Optimise Prime, wanda aka fara a 2019 tare da UK Power Networks da Hitachi da Royal Mail da Uber, domin a gano yadda cajin gida da na haraba da na bakin titi ke shafar layukan wuta.

Matsala ta farko da ta bayyana ita ce ba kowane ma'aikaci ne ke da wurin ajiye mota a cikin gidansa ba. Ƙiyasi ya nuna cewa aƙalla gida ɗaya cikin uku a Birtaniya ba shi da irin wannan wuri, kuma abin ya fi ƙamari a tsofaffin unguwannin ma'aikata inda gidaje ke manne da juna, da kuma gidajen bene na haya. Ko mai wurin ajiye mota ma, sau da yawa motar iyali ce a ciki, ko kuma wurin ya yi wa motar kaya kaɗan. Ɗan haya kuwa sai ya nemi izinin mai gida kafin a huda bango. Wannan ya sa a watan Yulin 2025 gwamnatin ƙasar ta ware fam miliyan 25 domin ƙananan hukumomi su riƙa yanka siririyar hanya a gefen titi, wadda wayar caji za ta bi daga gida zuwa mota ba tare da ta harɗe masu tafiya a ƙasa ba.

Matsala ta biyu ita ce mayar da kuɗi, kuma nan ne ma'aikata suka fi jin jiki. Hukumar haraji ta ƙasar, wato HMRC, tana fitar da adadin da kamfani zai iya biyan ma'aikaci kan kowane mil ba tare da an cire haraji ba. A 2018 adadin peni 4 ne, ya koma peni 5 a ƙarshen 2021. Da rikicin makamashi ya ɓarke bayan mamayar da Rasha ta yi wa Yukiren, farashin wutar gida ya kai kimanin peni 34 kan kowane yunit a watan Oktoban 2022. Motar da ke cin mil uku da rabi da yunit ɗaya tana cin kusan peni 10 ke nan a kowane mil, alhali peni 5 ake mayar wa direba. Motar kaya kuwa ta fi haka ci.

Ma'ana, a waɗancan watanni ma'aikacin da kamfaninsa ya tsaya a kan adadin hukuma yana biyan rabin kuɗin tafiyar aiki daga aljihunsa, a daidai lokacin da iyalai ke rage kunna na'urar ɗumama ɗaki saboda tsada. Sai a watan Disamban 2022 aka ɗaga adadin zuwa peni 8. Daga watan Satumban 2025 kuma hukumar ta raba shi gida biyu, ɗaya na cajin gida, ɗaya mafi girma na cajin bakin titi, bayan an daɗe ana ƙorafin cewa farashi guda ba zai yi wa kowa adalci ba.

Ko da adadin ya yi daidai, akwai batun lokaci. Direban motar fetur yana amfani da katin mai na kamfani, ba ya taɓa kuɗinsa. Direban motar lantarki kuwa bil ɗin gidansa ne ke kumbura, sannan ya jira ƙarshen wata a biya shi. Wannan giɓi ne ya haifar da kamfanoni irin su Mina da ke birnin Shefil, wanda ke karanta yawan wutar da motar aiki ta sha daga na'urar caji, ya tura kuɗin kai tsaye zuwa asusun ma'aikaci a kamfanin wuta. Kamfanin Fleetcor mai katin mai na Allstar ya saye shi a 2023, alamar cewa manyan 'yan kasuwa sun ga inda harkar ta dosa.

Matsala ta uku ta shafi layin wuta. Idan dubban direbobi suka dawo gida da ƙarfe shida na yamma suka jona motoci a lokaci guda, nauyin zai haɗu da na girki da fitilu da talabijin. Saboda haka daga ranar 30 ga Yunin 2022 Birtaniya ta wajabta cewa duk na'urar caji da za a sayar don gida ko wurin aiki ta kasance mai iya tsara lokaci, kuma ta zo a saite ta yadda ba za ta ja wuta ba daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe da kuma ƙarfe 4 na yamma zuwa 10 na dare a ranakun aiki, sai idan mai ita ya sauya. An kuma sa mata jinkiri na har minti goma, don kada duk na'urori su tashi a daƙiƙa ɗaya.

Sauran ƙasashe sun bi nasu hanyoyin. A Jamus an shafe shekaru ana amfani da tsarin biyan kuɗi dunƙule a wata, Yuro 30 ga wanda ke da wurin caji a ofis, Yuro 70 ga wanda ba shi da shi. A Beljiyam hukumar haraji ta amince a riƙa lissafi da matsakaicin farashin wuta da hukumar kula da makamashi ke fitarwa duk wata uku. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, sashe na 2802 na dokar ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya mayar wa ma'aikaci duk kuɗin da ya kashe dole saboda aikinsa. Hanyoyin sun bambanta, amma manufa ɗaya ce: kada wutar motar kamfani ta zama bashi a wuyan ma'aikaci.

Akwai kuma ƙananan batutuwa da kan zama manya ranar rabuwa. Na'urar da aka kafa a bangon gida ta wa ce idan ma'aikaci ya ajiye aiki ko aka sallame shi? Idan matarsa ta yi cajin motarta da ita fa? Idan gobara ta tashi, inshorar gida ce za ta biya ko ta kamfani? Bayanan da na'urar ke tarawa, waɗanda ke nuna lokacin da mutum ya dawo gida da lokacin da ya fita, wa ke da ikon ganinsu? Kamfanonin da suka yi nisa suna rubuta duk wannan a yarjejeniya tun kafin a kafa na'urar.

Idan aka kawo tsarin Najeriya

Najeriya ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya a wannan fage. Kamfanin Stallion ya harhaɗa motar Hyundai Kona mai lantarki a Legas a 2020. A 2021 Hukumar Ƙera Motoci ta Ƙasa, wato NADDC, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, sannan a Jami'ar Legas, daga baya kuma a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka. A shekarar ce kuma kamfanin kai kaya na GIG Logistics ya fara gwada motocin lantarki na JET Motor Company. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin bas zuwa masu lantarki, kuma a watan Disamban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da motocin haya masu gas da lantarki da gwamnatin Borno ta samar.

Abin da ya ƙara wa batun armashi shi ne cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Litar fetur da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024 kafin ta ɗan sauko. A watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da cire harajin VAT a kan motocin lantarki. Duk kamfanin da ke da motocin rarraba kaya ko na jami'an talla, dole ya fara lissafi.

To bari mu yi lissafin. A ɗauka ƙaramar motar kaya tana tafiyar kilomita 100 a rana, tana cin yunit 25, a ƙara kimanin kashi 10 cikin 100 da ke salwanta wajen caji, ya zama yunit 27. A farashin rukunin A, wanda Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ta ɗaga zuwa Naira 225 a watan Afrilun 2024 kafin ya daidaita a kan Naira 209.50 a watan Yuli, kuɗin ya kama kimanin Naira 5,700 a rana. Irin wannan mota mai fetur da ke cin lita goma a tafiya ɗaya, idan lita tana Naira 900, za ta ci Naira 9,000. Ragin a fili yake, kuma ga kamfani mai motoci ɗari ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Sai dai a juya lissafin ta ɓangaren direba. Yunit 27 a ranakun aiki 22 ya kusa yunit 600, wato sama da Naira 120,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Tunda mitar zamani mai kati ce, sai an biya ake sha. Idan kamfani ya ce direba ya sayi wuta daga baya a mayar masa, to an nemi ya ranta wa kamfani kuɗin da ya zarce albashinsa a kowane wata. Kuma ranar da katin ya ƙare da tsakar dare saboda motar ta shanye shi, iyalinsa ne za su kwana cikin duhu da zafi.

Wannan ma ga mai mita ke nan. Alƙaluman NERC sun nuna cewa a ƙarshen 2024, cikin masu rajistar wuta sama da miliyan 13, waɗanda ke da mita ba su kai rabi ba. Sauran ana kawo musu bil ne na kintace. A irin wannan gida babu yadda za a yi a san yawan wutar da motar ta sha daga layi, balle a biya daidai. A gidajen haya na tarayya kuma, inda ake raba bil bisa yawan ɗakuna ko kayan wuta, kuma ake faɗa a kan dutsen guga da tukunyar lantarki, kowa na iya hasashen abin da zai faru ranar da wani ya jona motar da ke cin wutar da ta fi ta duk gidan.

Sannan ga samuwar wutar kanta. Rukunin A ne kaɗai aka yi wa alkawarin sa'o'i 20 a rana. Rukunin B sa'o'i 16 ne, C 12, D takwas, E kuwa huɗu. Direbobi da ƙananan ma'aikata galibi a unguwannin bayan gari suke zaune, inda ba a san lokacin kawo wuta ko na ɗaukewa ba. Babban layin wuta na ƙasa, wanda ke kai tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum fiye da miliyan 200, ya durƙushe fiye da sau goma a 2024. A watan Oktoban shekarar, lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da ta samu layin Ugwuaji zuwa Apir sun jefa mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu na fiye da mako guda. Kamfanin da ya dogara da cajin gida a lokacin, da motocinsa sun kwanta gaba ɗaya.

Wani zai ce ai akwai janareto. Ƙaramin janareto mai fetur ba ya ba da fiye da yunit biyu a kan lita ɗaya. Samun yunit 27 na buƙatar aƙalla lita 13, wato fiye da abin da motar fetur za ta sha a tafiyar. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Hasken rana kuma, duk da yalwarsa, yana da nasa cikas a nan: lokacin da rana take, motar tana kan hanya. Sai an tanadi faranti masu ƙarfin kilowat shida zuwa bakwai da batirin ajiya mai girma a kowane gida, jarin da ya fi dacewa a zuba shi wuri guda a harabar kamfani.

Batun tsaro ma ba abin wasa ba ne. Na'urar kilowat 7.4 tana jan amfiya 32 na tsawon sa'o'i ba hutawa. Gidaje da yawa an yi musu wayarin ne da siraran wayoyi marasa inganci, ba tare da wayar kariya ta ƙasa ba. Taransifomar unguwa mai ƙarfin kVA 300, wadda tuni take nishi, motoci goma kacal za su cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta. Idan ta ƙone, sanannen abu ne cewa mutanen unguwa ne ke yin karo-karo a gyara, ko su shafe watanni suna jira.

Akwai kuma wani ɓoyayyen al'amari da ya shafi baitulmali. Wutar rukunin B zuwa E har yanzu gwamnati na biya mata tallafi, kuma tallafin wutar lantarki ya kusa Naira tiriliyan biyu a 2024. Idan kamfanoni suka riƙa cajin motocin kasuwanci a gidajen da ke waɗannan rukunai, tallafin da aka yi don fitilar talaka zai koma man motar kamfani. An rufe ƙofar tallafin fetur ke nan an buɗe masa taga.

Inda cajin gida zai iya aiki

Duk wannan ba ya nufin a yi watsi da tsarin baki ɗaya. Manyan jami'ai da ke zaune a rukunin gidaje masu wuta tsayayya a Abuja ko Legas ko Fatakwal, masu mita da wurin ajiye mota, za su iya caji a gida ba tare da wahala ba. Haka nan babura da kekunan adaidaita-sahu masu lantarki, waɗanda batirinsu bai wuce yunit kaɗan ba, soket na gida ya ishe su.

Amma ko a nan ana buƙatar hattara. A birnin New York, gobarar da batiran lithium suka haddasa ta kashe mutum 18 a 2023, kuma da yawa daga cikin batiran na kekunan masu kai abinci ne da ake caji a cikin ɗakunan kwana. Birnin ya kafa doka a shekarar cewa ba za a sayar da irin waɗannan kekuna da batira ba sai da shaidar inganci. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tsarin musayar batir, irin wanda kamfanonin MAX da Spiro ke yi a kudu maso yammacin Najeriya, ya fi dacewa da 'yan acaɓa: mutum ya ba da wanda ya ƙare, ya karɓi cikakke cikin 'yan mintuna, caji kuma ya kasance a hannun waɗanda suka san aikin.

Kenya ta ba da misalin abin da hukuma za ta iya yi. A watan Afrilun 2023 hukumar kula da makamashi ta ƙasar ta fitar da farashin wuta na musamman ga masu cajin ababen hawa, shilin 16 kan kowane yunit da rana, shilin 8 da daddare. Kamfanoni irin su BasiGo suna cajin motocin bas ɗinsu a haraba a birnin Nairobi, suna cin moriyar wutar dare mai rahusa.

Abin da ya kamata a yi tun yanzu

Na farko, ga kamfanonin Najeriya, haraba ce ta kamata ta zama tushe, tare da hasken rana da batirin ajiya ko yarjejeniyar layi na musamman da kamfanin rarraba wuta. Cajin gida ya zama ƙari ga wanda gidansa ya cancanta kuma ya amince da kansa. Bai kamata samun aiki ko riƙe shi ya dogara da irin gidan da mutum yake zaune a ciki ba.

Na biyu, duk inda za a yi cajin gida, a kafa mita ta daban da sunan kamfani, kamfani ya riƙa saya mata kati kai tsaye. Wannan mataki guda ya warware matsalar ranta wa kamfani kuɗi, da rigimar maƙwabta, da karkatar da tallafi. Kuɗin gyaran waya da na kafa na'ura da na cire ta, duk su kasance a kan kamfani.

Na uku, hukumomi su fitar da ƙa'ida. NERC, tare da hukumomin jihohin da suka karɓi ragamar kasuwar wutarsu a ƙarƙashin Dokar Wutar Lantarki ta 2023, irin su Inugu da Ekiti da Ondo, za su iya ƙirƙiro rukunin farashi na cajin ababen hawa mai rahusar dare. Hukumar NEMSA mai duba ingancin wayarin ta tabbatar ba a kafa na'ura sai an gwada wayoyin gida, kuma an sanar da kamfanin rarraba wuta domin ya san nauyin da ke kan kowace taransifoma. Hukumar SON ta sa ido a kan na'urori da batiran da ake shigowa da su. Hukumar haraji kuma ta fayyace cewa kuɗin wutar da aka mayar wa ma'aikaci ba albashi ba ne da za a yanka wa haraji.

Na huɗu, ƙungiyoyin ƙwadago su shigar da batun cikin tattaunawarsu da masu ɗaukar aiki tun yanzu, kafin ya zama al'ada a ce direba ne ke sayen wuta.

Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da shekarar 2060, kuma sufuri na daga cikin ginshiƙan shirin sauya makamashi da ta ƙaddamar a 2022. Motocin kamfanoni ne za su fara wannan sauyi, domin su ne ke cin doguwar tafiya kullum, su ne kuma ragin kuɗin mai ya fi yi wa tasiri. Birtaniya mai wuta tsayayya da mita a kowane gida ta shafe shekaru bakwai tana gyara adadin da ake mayar wa direba. Ƙasar da kusan rabin gidajenta ba su da mita tana da ƙarin dalilin rubuta ƙa'idojinta kafin motocin su iso ƙofar gidajen ma'aikata.